Labarin Kwalkwalin Jarirai da Sha'anin Shafaffiyar Ƙeya

 Ya 'yan'uwa malamai da fatake, duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah ko na Gani a birnin Daura ya san kwalkwali, watau hular nan da 'yan lifidi ke kifawa a kansu, wadda a zamanin yaƙi ita ke tare sara da kibiya. Haka kuma kowa ya san hular kwano ta masu babur, wadda hukuma ta tilasta sawa a ƙasar nan a farkon shekarar 2009, har waɗansu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a kai domin su tsere wa tara. To, ga wani kwalkwali na uku ya ɓullo, shi kuwa na jinjiri ne ɗan wata biyar wanda ko zama bai ƙware ba. Hotunansa suna yawo cikin wayoyin hannu, matafiya kuma sukan gan shi da idonsu a manyan biranen ƙetare, har maganarsa ta fara shiga zaurukan Zango da ƙauyukanta.

Surar mas'alar ita ce wannan. Mutum ne Allah ya ba shi ɗa, aka yi suna, wanzami ya yi aski, mai jego ta gama wanka. Yaro ya kai wata huɗu, ran nan kakarsa ta ɗora shi bisa cinya tana shafa masa mai, sai ta ga ƙeyarsa ta shafe ta ɓarin dama kamar an goga ta da dutsen guga, kunnen wannan ɓarin kuma ya ɗan gusa gaba. Nan take sai magana ta tashi a cikin gida. Wata ta ce ungozoma ce ba ta gasa kan da kyau ba, wata ta ce uwar ce malalaciya, ba ta son goyo, uwar kuwa yarinya ce mai haihuwar fari, ba ta da bakin amsawa sai hawaye. Sa'an nan wani ɗan'uwa da ke karatu a ƙasar waje ya aiko da hoto, ya ce a can hula ake sa wa irin waɗannan yara, in ba a gaggauta ba kai zai daskare a haka. Uban yaro ɗan kasuwa ne, jarinsa bai taka kara ya karya ba. Shin ya taɓa jarin ya nemi hular, ko kuwa ya bari?

Kafin a amsa, dole a san yadda aka gina kan jariri. Ku sani ƙoƙon kan babba ƙashi ne haɗaɗɗe, amma na jariri faifai ne daban-daban, an jera su gefe da gefe, tsakaninsu akwai ɗinki mai taushi wanda bai riga ya ƙulle ba. Hikimar haka biyu ce: domin kai ya iya matsewa ya wuce wajen haihuwa, kuma domin ƙwaƙwalwa ta sami wurin girma bayan haihuwa. Inda faya-fayan nan suka bar fili a tsakiyar kai shi ne maɗiga, wadda ake ganin tana bugawa, kuma yawanci takan rufe tsakanin shekara ɗaya da shekara ɗaya da rabi, wani yaron ya kai biyu. Akwai wata ƙaramar maɗiga ta baya wadda ke rufewa tun yana ɗan wata biyu ko uku. Kewayen kan jariri ran haihuwa wajen santimita 35 ne, watau kamar inci 14, ran da ya cika shekara kuwa ya kai wajen santimita 46, inci 18 ke nan. Amma girman nan ba daidai yake tafiya ba. Wata ukun farko kai na ƙaruwa da wajen santimita 2 kowane wata, wata uku na biye santimita 1, daga nan har ƙarshen shekara rabin santimita kaɗai. Mai kasuwa ya riƙe wannan lissafi, gama dukan maganar hula a kansa ta rataya.

Manomin duma ya san abin da ke faruwa kadan aka bar ɗanyen duma kwance a ɓari ɗaya har ya ƙosa: wajen da ke ƙasa sai ya baje, ƙwaryar ta fito a karkace. Kan jariri ma haka. Idan kullum wuri guda ne ke taɓa shimfiɗa, girma sai ya kauce wa wannan wuri ya tafi inda babu matsi. In ɓari ɗaya ne ya shafe, aka leƙa kan daga sama, za a ga kunnen ɓarin ya gusa gaba, goshin ɓarin kuma ya ɗan turo. In kuwa yaron rigingine sosai yake kwanciya, sai ƙeyar duka ta shafe, kai ya yi faɗi. Waɗanda abin ya fi samu su ne bakwaini, domin ƙashinsu ya fi taushi, da tagwaye saboda matsin ciki, da 'ya'yan fari, da kuma yaron da aka haifa da jijiyar wuyansa ta ɓari ɗaya a ɗaure, wanda ko an juya shi sai ya koma inda ya saba. Wannan na ƙarshe a lura da shi ƙwarai, gama sau da yawa uwa tana shan zargi a banza alhali kuwa wuyan yaron ne bai saki ba.

Likitoci sun tafi a kan cewa irin wannan shafewa ta kwanciya ba ta matse ƙwaƙwalwa, kuma ba ta da ciwo. Sha'ani ne na siffa. Mafi yawanta kuma takan ragu da kanta in yaro ya fara zama da rarrafe, gashi ya rufe saura.

Cewa kan jariri yana karɓar siffa ba sabon ilmi ba ne. Ibnu Sina, wanda ya rasu a shekarar 428 ta Hijira, daidai da 1037, ya yi magana a cikin littafinsa Alƙanun a kan yadda ungozoma za ta riƙa daidaita gaɓoɓin jariri da tausasawa sa'ad da take naɗe shi. Mutanen Mangbetu na ƙasar Kwango sun kasance suna ɗaure kan jariransu da igiya domin ya yi tsawo, abin ado ne a wurinsu, har al'adar ta mutu wajen shekarun 1950. Ko a Faransa, a yankin Tulus, an yi ta ɗaure kan jarirai da ƙyalle har zuwa farkon ƙarni na 20. Ungozomomin ƙasar Hausa su ma suna da nasu gashin kai da tsumma da ruwan zafi. A nan akwai abin faɗi: dannawar 'yan mintoci da safe da maraice ba ta iya rinjayar kwanciyar sa'a goma sha wani abu, saboda haka ungozoma ba ta cancanci zargi ba in ƙeya ta shafe, yabon da ake mata in kai ya yi kyau shi ma ya fi ƙarfin aikinta. Abin tsoro a gashin nan shi ne ruwan da ya cika zafi da hannun da ya cika nauyi, musamman a kan maɗiga.

Fasali a kan asalin hular

A shekarar 1979 wani likitan yara mai suna Sterling Clarren, tare da abokan aikinsa a birnin Siyatil na Amurka, suka buga bayanin yadda suka gyara karkataccen kan jarirai da hula ta musamman. Shekaru da dama abin bai yaɗu ba, domin masu bukata kaɗan ne. Abin da ya yaɗa shi wani al'amari ne daban. A ƙasashen Turawa an daɗe ana kwantar da jarirai rub da ciki, kuma ana yawan samun jariri lafiyayye a kwantar da shi da dare a wayi gari babu rai, ba a san dalili ba. Da bincike ya nuna kwanciyar rub da ciki tana da hannu a ciki, sai ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta yi shela a 1992 a daina, a 1994 kuma aka yi gangami a ƙasar duka cewa a kwantar da jariri rigingine. Mutuwar nan ta fuju'a ta ragu da fiye da rabi. Amma sai asibitoci suka cika da iyaye masu kawo yara da shafaffiyar ƙeya. A birnin Kalgari na Kanada an duba jarirai 440 masu mako 7 zuwa 12, aka buga sakamakon a 2013, aka sami 205 daga cikinsu da wata shafewa, watau kusan rabi, ko da yake mafi yawansu kaɗan ce. Inda bukata ta yi yawa kuwa kasuwa takan buɗe, wannan fatake sun fi kowa sani. A 1998 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa hular cikin kayan asibiti waɗanda sai da izninta ake sayarwa, kamfanoni suka shiga ƙera ta.

Yadda take aiki kuwa, mutane da yawa sun ɗauka matse kai take yi kamar yadda maƙeri ke matse ƙarfe da awartaki. Ba haka ba ne. Bayanta roba ce mai tauri, cikinta soso. Ana auna kan yaron, da can da farar ƙasa irin ta ɗorin karaya, yanzu da na'ura mai haske wadda ke ɗaukar siffar kai cikin ƙiftawar ido, sa'an nan a ƙera hular don shi kaɗai. Inda kai ya turo sai ta zauna daram ta tare, inda ya shafe sai a bar rami, domin girman da ke tafe ya cika ramin. Ashe ke nan girman yaron ne ke gyaran, hula hanya kawai take nuna masa. Domin haka ne ake so a fara tsakanin wata 4 da wata 6, lokacin da sauran girma mai yawa, bayan shekara ɗaya kuwa amfaninta kaɗan ne ƙwarai. Ana sa ta sa'a 23 cikin 24, barci da farke, a cire sa'a guda don wanka da goge ta, haka har wata uku zuwa shida. Kowane mako ɗaya ko biyu sai an koma wurin mai ƙera ta ya kankare soson, gama kai yana girma, hular da ta yi daidai yau gobe ta matse.

Kuɗinta a Amurka yakan kai dala dubu biyu zuwa dubu huɗu, a Ingila wajen fam 2,000 ko fiye, kuma asibitocin gwamnatin Ingila ba su saba bayar da ita don shafewar kwanciya ba, domin a ganinsu hujjar amfaninta ba ta yi ƙarfi ba.

Hujjar da suka dogara da ita kuwa ga ta. A ƙasar Holan, masu bincike na Jami'ar Tuwente suka ɗauki jarirai 84 masu wata 5 zuwa 6, dukansu da shafewa matsakaiciya ko mai ɗan yawa, suka raba su biyu da ƙuri'a, 42 aka sa musu hula wata shida, 42 aka bar su ba a yi musu kome ba. Da suka cika shekara biyu aka sake aunawa, aka buga sakamakon a mujallar likitocin Ingila a 2014. Cikin masu hula 39 da aka auna, 10 ne kansu ya daidaita sarai. Cikin marasa hula 40, 9 ne. Kai, mai awo a kasuwar Zango ma ba zai kira wannan bambanci ba. Sa'an nan iyayen masu hula dukansu sun kawo kuka: kusan kowane yaro fatarsa ta yi ja ko ta sale, wajen kashi uku cikin huɗu sun ce hular tana wari kuma tana hana su rungumar ɗansu yadda suke so, gumi kuwa ba a magana. A tuna fa wannan a Holan ne, ƙasar sanyi. Mai hankali ya kwatanta da Zango a watan Afrilu, sa'ad da zafi ke wuce awo 40 a inuwa, babba ma yana cire hula ya yi fifita da ita.

Amma adalci ya wajaba ko a kan hula. Binciken nan bai haɗa da yaran da shafewarsu ta yi tsanani ƙwarai ba, bai haɗa da bakwaini ba, bai haɗa da masu ɗaurarren wuya ba, waɗansu likitoci kuma sun soke shi da cewa hulunan da aka yi amfani da su ba su zauna daidai ba. A 2016 wata ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar da ƙa'ida cewa a fara da juya kwanciya da motsa wuya a hannun masana, in an yi haka shafewa mai yawa ta ƙi gyaruwa, to hula tana da wurinta. Saɓani ne tsakanin masana, irin wanda almajiran fiƙihu suka saba gani, kuma ɓangarorin biyu sun haɗu a kan abu ɗaya, cewa ba da hula ake farawa ba.

Malamai za su tambaya ko wannan bai shiga canza halitta ba. Malaman fiƙihu sun rarrabe tsakanin kawar da aibi da neman ƙarin ƙawa, suna kafa hujja da ƙissar sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, aka yi masa izni ya sa na zinariya. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na ƙasar Maleshiya a 2007, ta tafi a kan halaccin gyara aibin da aka haifi mutum da shi ko ya same shi daga baya. Hular nan kuwa ko yanka babu a cikinta. Saboda haka nauyin mas'alar ya koma kan amfani da kuɗi da wahalar yaro.

Fasali a kan abin da ya fi hula

Maganin farko yana cikin gida, kuma matan karkara sun riga likita saninsa, shi ne goyo. Yaron da ke bayan uwarsa ko yayarsa, an ɗaure shi da zane da majanyi, ƙeyarsa ba ta taɓa kome, wuyansa kuma yana ƙarfi domin yana ɗaga kai ya ga duniya. Sai dai a riƙa lura, in ya yi barci a baya kuncinsa na dama ne kullum ke manne, a juya shi hagu. Abin da ke ƙaruwa a gidajen masu hali cikin birane shi ne akasin haka: kujerar mota, da keken turawa, da gadon lilo, yaro ya fita daga wannan ya shiga wancan, ƙeyarsa tana jingine tun safe har dare. Attajirin da ya sayo waɗannan kaya don ya hutar da matarsa bai yi laifi ba, amma kada su kori majanyi.

Sa'an nan idan yaro yana farke, babba yana zaune kusa yana kallonsa, a kifa shi a kan tabarma ko a kan ƙirjin uwarsa, 'yan mintoci sau da dama a yini, ana ƙarawa yadda ya jure. In ya zo barci a mai da shi rigingine, a kan shimfiɗa mai tauri ba matashi. Wannan kada a yi wasa da shi, gama wanda ya kifa jariri ya yi barci don gudun shafaffiyar ƙeya ya sayar da rai ya sayi siffa. A riƙa sauya inda kansa ke fuskanta, yau wajen ƙofa gobe wajen bango, domin jariri haske da motsi yake bi. Wajen shayarwa a sauya hannu. In an ga wuyansa ba ya juyawa ɓari ɗaya, ko an ji wani ɗan ƙulli a jijiyar wuyan, a kai shi asibiti a koya wa uwar yadda za ta riƙa miƙar da shi a hankali, kada a ba mai ɗori ya murɗa.

Ga gargaɗi ga fatake masu sayo kayan jarirai daga Kano ko ƙetare. Akwai wani ɗan matashin kai mai rami a tsakiya da ake tallarsa da sunan yana gyara kan jariri. A watan Nuwamba 2022 hukumar nan ta Amurka ta yi shela kada a yi amfani da shi, domin ba a ga amfaninsa ba, kuma yana iya toshe numfashin yaro cikin barci. Haka nan hular soso da ake sayarwa a shago, wadda ba a auna kan yaro aka ƙera ta ba, sunan kawai ta ara. Ribar da ke cikin irin wannan haja ba ta kai nauyin da ke bayanta ba.

Fasali a kan kan da ba a jira da shi

Abin da ya fi dukan wannan muhimmanci ga mutanen Zango shi ne rarrabe shafewar kwanciya da waɗansu cututtuka masu kama da ita. Na farko, akwai yaron da ɗinkin ƙoƙon kansa ke ƙullewa tun lokaci bai yi ba, ana samun wajen ɗaya cikin haihuwa 2,000 zuwa 2,500. Alamarsa, siffar kan ba ta daidaita tun ran haihuwa kuma kullum ƙaruwa take, in an shafa a ji wani tudu kamar kunya a kan ɗinkin, sau da yawa kan ya yi tsawo ya tsuke kamar kwalekwale, ko goshi ya yi tsini. Wannan juyi ba ya gyara shi, hula kaɗai ma ba ta gyara shi, aiki ne na likitan ƙwaƙwalwa, kuma aikin ya fi sauƙi tun yaro yana 'yan watanni. A nan ne ma hula ke da aiki tabbatacce, domin bayan wani irin aikin akan sa ta don ta shiryar da girman kai. Na biyu, kan da ke girma fiye da kima, maɗiga ta kumbura ta yi tauri, idanu su riƙa kallon ƙasa, yaro yana amai, wannan ruwa ne ya taru a ƙwaƙwalwa, kowane mako na jinkiri hasara ne. Na uku, maɗigar da ta faɗa ciki ga yaro mai zawo ko amai. Mata sukan kirɓa magani su shafa a kanta, alhali ciwon ba a nan yake ba, ruwan jikin yaron ne ya ƙare, maganinsa nono da ruwan gishiri da sukari da gaggawar zuwa asibiti. Maɗigar da ta kumbura tare da zazzaɓi kuwa, musamman a bazara, a ji tsoron sanƙarau, kada a kwana.

Hanyar ganewa ba ta da tsada. Uwa tana kai yaro rigakafi a mako 6, da 10, da 14, da kuma wata 9. A kowane zuwa uban yaro ya ce a auna kewayen kan da tef a rubuta a kati, ya kuma ce ma'aikaci ya leƙa kan daga sama ya juya wuyan dama da hagu. In an ga abin shakka, daga Zango sai Daura, daga Daura a tura shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, inda akwai likitocin yara da na ƙwaƙwalwa. A Sakkwato ma akwai cibiyar aikin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Asibitin ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, yana da sashen motsa jiki da na ƙera ƙafar roba da kayan tallafar gaɓoɓi, can ne ake samun masu sanin sha'anin ɗaurarren wuya.

Amma mutumin nan na cikin mas'ala, wanda ɗansa ke da wata huɗu, yana shan nono, yana dariya, yana bin mutane da ido, ƙeyarsa ce kawai ta shafe ta dama, amsarsa ita ce ya bar jarinsa inda yake. Ya kai yaron a auna kai a duba wuya, ya sayi sabon majanyi, a juya shimfiɗa, a ba abin wata biyu ana dubawa daga sama kowace Juma'a. In ya ga ana samun sauƙi, shi ke nan. In kuwa yaro ya kai wata shida abin yana ƙaruwa, sai ya nufi Katsina ko Kano da katin awon a aljihunsa, likita ya faɗi abin da ya gani. Kafin nan kuma ya shiga cikin gida ya ce wa mahaifiyarsa, cikin ladabi, “Inna, a sassauta wa yarinyar nan, an ce ba laifinta ba ne.”